Yadda Si Burawi Ya Sa wa Jirgin Rayis Ajmi Wutar Gida

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa mata duwatsu don kada ta karkata da mu, sa'an nan ya saki teku ya bar ta tana rawa dare da rana. Ya sanya a tsakaninsu bambanci wanda ko yaron goye ya san da shi. Wannan labarin wani bawan Allah ne da ya kai shekara hamsin da bakwai a bakin teku bai lura da bambancin ba.

Sunansa Si Burawi, mai aikin lantarki a Marsa Zarzur. Shekara talatin yana sa wa gidaje wuta, yana rataya fitilun biki a kan soraye. In ka ji ta bakinsa, shi ya haskaka gaɓar nan tun daga Susa har Safakus, kuma da an nemi shawararsa da wuri, da tuni an daina ɗauke wuta a ƙasar baki ɗaya. In aka ce masa gidan wane da ya yi wa aiki ya yi hayaƙi, sai ya ce mutanen gidan ne ba su iya kunna fitila ba.

Yana da yaya, Hajja Dalanda, matar Rayis Ajmi. Shi Rayis Ajmi ya tuƙa babban jirgin fito tsakanin Safakus da tsibirin Ƙarƙana shekara talatin da huɗu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wani tsohon jirgin katako mai tafiya da iska, ya yi shekara shida yana gyaransa, ya ɗinka masa sabon zane, ya raɗa masa suna Ummul Hairi. Burinsa a duniya guda ɗaya ne: ya ɗauki matarsa su bi gaɓa sannu a hankali, inda yamma ta riske su nan ne gida. Ita kuwa ko ƙafarta ba ta taɓa sawa a ciki ba.

Saura mako uku Mauludi ta kira shi tsakar gida.

"Ajmi, shekara shida ina wanke riguna masu warin fenti. Yau za mu yanke magana. Ranar Mauludi zan kai wa yayata asida a Ƙarƙana kamar kowace shekara. Bana ka kai ni a cikin abin nan naka. In asidata ta isa da sanyinta, adonta bai motsa ba, to ko Jarba ka ce, ko bayan Jarba, ina biye da kai. In ta lalace, ka sa shi a kasuwa, ka dawo ka zauna a ƙofar gida kamar sauran tsofaffi."

Asidar Mauludi kuwa ba abin wasa ba ce a wurinmu. Baƙa ce, ta ƙwayar wani itacen daji da ake kira zugugu, ana shimfiɗa mata farar madara mai kauri a sama, a zana mata ado da niƙaƙƙen lauzi, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa. Wuni ɗaya a cikin zafi ya isa ya mai da ita abin da ko maƙiyi ba a aika wa.

"Sai an sa firji ke nan," in ji Rayis.

"A sa. Burawi zai yi wutar."

Rayis ya dubi ƙasa, ya dubi sama. "Akwai Ammi Shazili. Shekara arba'in yana aikin wutar jirage."

"Shazili ƙanena ne?"

"A'a."

"To."

Kashegari bayan la'asar Si Burawi ya shigo shagon gahawar Farjani, wanda ke daidai bakin gadar katakon da ake ɗaure jirage, da takarda nannaɗe a hammata. Ya sa aka kwashe kofuna daga tebur biyu, ya haɗa su, ya shimfiɗa ta. Masunta suka taso suka kewaye shi. Ammi Shazili, tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, yana zaune a kujerarsa ta kullum, jingine da turken wutar tasha, bai tashi ba.

"Ku duba da kyau," in ji Si Burawi, "don ba za ku sake ganin irinsa ba. Jiragen da kuke shiga wutar batir suke sha, wutar tocila. Wannan wutar gida zai sha, cikakkiya. Mafari uku na ba shi. Ga wutar tasha daga turken can. Ga janareta. Ga akwatin da ke juya wutar batir ta koma ta gida. Firji mai ƙofa biyu, fanka, butar shayi, dutsen guga, da fitila mai rassa a ɗakin kwana."

"Dutsen guga a teku?" in ji Farjani. "Kifi za a yi wa kwalliya?"

"Kai dai tafasa ruwanka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Daga kujerarsa Ammi Shazili ya ce, "Wayar ƙasa fa? Ina za ka kai ta?"

Si Burawi ya yi murmushin malamin da ɗalibi ya yi wa tambayar da ya daɗe yana jira. Kowane mai aikin gida ya san ka'idar: ana kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a zuba mata gishiri da gawayi, a riƙa ba ta ruwa, don in wuta ta ɓace hanya ta bi nan, kada ta bi ta jikin mutum.

"Wayar ƙasa, Ammi, ƙasa ake kai ta."

"Jirgi ba shi da ƙasa."

"Zai samu."

Ya kuwa samu. Da safe aka ga amalanke ta tsaya a bakin gada ɗauke da rabin duro cike da jar ƙasa, wadda Si Burawi ya haƙo daga gindin zaitun ɗin gidansu, domin ya ce ba zai amince da ƙasar da bai san asalinta ba. Mutum shida suka ɗora shi a gefen hagu na jirgin. Ya zuba gishiri da gawayi, ya kafa sandarsa, ya ɗaura waya, ya kwarara bokiti biyu na ruwa. Ummul Hairi ta yi ƙara a hankali, ta kwanta hagu kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu.

Rayis Ajmi ya tsaya a kan gada ya daɗe yana kallo.

"Si Burawi, jirgina ya karkace."

"Idonka ne, Rayis. Shekara talatin da huɗu kana kan ruwa, komai a karkace kake ganinsa."

"Shekara shida na yi ina daidaita shi."

"To ka je ka faɗa wa Yaya ba ka son aikina."

Rayis ya juya ya tafi ɗinkin igiya.

Firjin da aka kawo na gida ne, ya fi Rayis tsawo. Aka gwada shigar da shi ta ƙofar ɗakin jirgi a tsaye, ya ƙi. Aka gwada a kwance, ya ƙi. Si Burawi ya nemi zarto zai faɗaɗa ƙofar, sai Rayis ya zo ya zauna a bakinta ya tare ta. Saboda haka aka kafa firjin a fili, a bayan doguwar sandar zane, inda duk mai wucewa zai gan shi. Si Burawi ya ce dama nan ya nufa tun farko, don abin alheri ba a ɓoye shi.

Sa'an nan ya fito da abin da ya fi ƙauna a cikin kayan aikinsa, wato ma'aunin magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Bai taɓa kafa ko soket ɗaya a rayuwarsa ba sai ya ɗora ma'aunin nan ya ga ƙwayar ta zauna a tsakiya. A kan jirgi kuwa ƙwayar ta ƙi zama. Ta je dama, ta dawo hagu, ta tsaya kamar za ta yi biyayya, sai wani jirgin masunta ya wuce ta sake tafiya.

"Ku daina wucewa ina awo," ya ce da masunta.

"Mu gaya wa tekun ita ma ta dakata?"

"In tana jin maganarku."

Ya gano cewa bayan sallar asuba ruwa yakan kwanta na ɗan lokaci. Kwana biyar yana zuwa a wannan sa'a, har ya kafa firji, da allon makunnai, da soket goma sha huɗu, da kantar ajiye butar shayi, kowanne ƙwayar ma'auni a tsakiyarta cif. Ranar da ya gama ya kira mutane su shaida. Aikin ya yi kyau, babu mai musu. Kome a miƙe yake, jirgin ne kawai a karkace.

Rayis ya ce shi dai ba zai fita teku da jirgi mai ɗingishi ba. Si Burawi ya ce wannan ƙaramin abu ne, aka kawo rabin duro na biyu aka ɗora a dama. Ummul Hairi ta yi ajiyar zuciya ta miƙe. A nan take firji ya karkata, allon makunnai ya karkata, soket goma sha huɗu suka karkata gaba ɗaya kamar sahun da liman ya kuskure alƙibla. Butar shayi ta zame daga kan kantarta ta faɗa ruwa. Ƙofar firji ta buɗe da kanta a hankali, ta tsaya a buɗe.

Farjani ya leƙo daga shagonsa. "Yana yi maka maraba, Si Burawi."

Si Burawi ya dubi jirgin, ya dubi aikinsa, ya auna su a zuciyarsa, ya ga ɗaya aikin masani ne, ɗayan kuwa aikin matuƙi ne mai ritaya. Ya sa aka sauke duro na biyu. Jirgi ya koma hagu, firji ya miƙe, ƙofarsa ta rufe.

"Ka gani, Rayis? Haka jirgin yake so."

"A sa wa ƙofar sakata," in ji Rayis. "Jirgin iska kwanciya yake yi in yana tafiya."

"Firji ne, ba kurkuku ba. Gidaje nawa ka shiga ka ga firji da sakata?"

Cikin kwanakin nan ƙasar duron ta nuna asalinta. Ruwan da ake ba ta safe da yamma ya ta da na'a-na'a a gefen da gishiri bai kai ba, Farjani ya riƙa tsinka yana sa wa shayi. Kyanwoyin tasha kuma, waɗanda suka yi shekaru ba su ga ƙasa mai laushi ba sai siminti, suka gane cewa an yi musu tanadi. Daga ranar Farjani ya daina tsinkar na'a-na'a, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

Saura kwana takwas Mauludi aka yi gwajin wuta. Si Burawi ya jawo waya daga turken tasha, ya ta da janareta, ya kunna akwatin batir, ya ɗora hannu a kan babban makunnin da zai haɗa su duka a layi ɗaya. A karo na farko Ammi Shazili ya bar kujerarsa ya tako har bakin jirgin.

"Ɗana, ɗaya ake sha a lokaci guda. Ka sa makunnin da in ya buɗe wa ɗaya zai rufe wa biyu."

"Ammi, kai da kake sahun gaba a masallaci? Sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja ashirin da bakwai."

"Jam'i liman ɗaya gare shi. Kai ka tsai da limamai uku, kowa da surarsa."

Masunta suka yi dariya. Dariyar ce ta ɓata al'amari, domin Si Burawi yana iya jure kome ban da ita.

"Da girmanka, Ammi, wannan ba fagenka ba ne. Kai mai gyaran tocila ne. Ka bar wutar manya ga manya."

Ammi Shazili ya gyara jar hularsa.

"Wallahi ba zan sake cewa kalma ɗaya a kan jirgin nan ba har rana ta faɗi ranar Mauludi."

Ya koma kujerarsa. Si Burawi ya danna makunni. Aka ji ƙara guda ɗaya kamar an fasa tulu a cikin rijiya. Janareta ya yi tsalle ya mutu, wani shuɗin hayaƙi ya fito ta tagar ɗakin jirgi, wutar tasha ta ɗauke tun daga shagon Farjani har ɗakin ƙanƙarar masunta. Kyanwa biyu suka fice daga duro ba su waiwaya ba.

Si Burawi ya fito daga cikin hayaƙin da gira ɗaya.

"Wutar tashar nan ba ta da tarbiyya," ya ce. "Ta ga wutar kirki ta ji kishi."

Bayan kwana biyu ya kafa makunni mai zaɓen ɗaya ya rufe biyu, ya kuma bayyana wa mutanen shagon gahawa cewa wata dabara ce da ta zo masa a cikin sujada. Ammi Shazili ya kurɓi gahawarsa.

Abin da ya rage shi ne wayar da ke kawo wutar tasha. Masu jirage sukan ja ta a fili a kan gada, da kai irin wanda ake tusawa a soket a cire. A wurin Si Burawi kuwa waya a fili tsiraici ne, tusawa da cirewa kuma aikin masu aski ne da injin gashinsu. Gidan mutunci a cikin bango ake binne masa waya, a ɗaure ta da turke ɗaurin da ba ya kwancewa. Saboda haka ya zaɓi waya mai kaurin babban yatsa, ya fitar da ita ta wani tsohon rami a bayan jirgi, ya bi da ita ƙarƙashin gada inda ido ba ya kai wa, ya shigar da ita turke ta gindi, ya ɗaure da ƙusoshi huɗu, ya shafe da siminti. Ya kuma bar rarar mita arba'in a nannaɗe a ƙarƙashin gada, kamar yadda yake bari a kowane gida, domin a saninsa babu mai gidan da ba ya ƙara bene daga baya.

Duk wannan a gindin kujerar Ammi Shazili aka yi shi, sai da ma ya ɗaga ƙafa aka wuce da wayar. Malamai sun ce wanda ya rantse, sa'an nan ya ga abin da ya fi rantsuwarsa alheri, to ya karya ta ya yi kaffara. Ammi Shazili ya san wannan sarai, ya karanta shi tun yana yaro. Sai dai shi ma ɗan Adam ne, kuma an kira shi mai gyaran tocila a gaban jama'a.

Labarin firji ya gama gari. Kusan kowane gida a Marsa Zarzur yana da dangi a Ƙarƙana, kuma kowace shekara sai an yi rigimar yadda za a aika musu da asida. Si Burawi ya bi gida gida yana cewa bana an huta, a kawo, akwai wuri. Da safiyar Mauludi mata suka yi ta zuwa da kwanonin tangaran a rufe da farin ƙyalle, kowace ta zana adonta yadda 'yan'uwanta za su gane hannunta. Kwano talatin da ɗaya Si Burawi ya jera da kansa, yana buɗe ƙofa yana rufewa don a ji sanyin da ke fita. Sanyin kuwa na gaske ne. Wannan ya kamata a faɗa don adalci.

Gada ta cika. An ja igiyar fitilun Mauludi daga kan turken wuta zuwa rumfar shagon Farjani, aikin Si Burawi ne shi ma. Masu bandiri daga zawiya sun zo suna yabon Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Hajja Dalanda ta iso a cikin farin mayafinta, wani masunci yana biye da ita da kayanta. Ta tsaya ta dubi jirgin da ke kwance hagu, ta dubi duro, ta dubi firji, ta dubi ƙanenta.

"Sannu da aiki, Burawi."

"Yaya, kin ga abin da ake kira wuta."

"Na gani. Ba za ka raka mu ba?"

"Aiki ya yi mini yawa a gari." Gaskiyar ita ce bai taɓa wuce bakin tasha a cikin jirgi ba tare da ya mayar da abin da ya ci ba.

Ta shiga ta zauna a baya, ta baza mayafinta a kan kayanta. Rayis Ajmi ya zaga jirginsa yana duba igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu abin da ya haɗa shi da gada sai biyu, ta gaba da ta baya.

"Si Burawi, wutar tasha fa? An raba mu da ita?"

"Da hannuna na kashe ta. Yanzu batir kuke sha."

Bai yi ƙarya ba. Ya kashe ta.

A daidai lokacin Ammi Shazili ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa da kofinsa, ya kai su can nesa da turke. Ya dawo ya ce da matan da ke tsaye a wurin su matsa. Suka ce don me? Ya ce rana za ta dame su. Sa'an nan ya taka zuwa babban akwatin wutar tasha ya sauke makunninsa. Fitilun Mauludi suka mutu, injin gahawa ya yi shiru.

"Ammi, lafiya?" in ji Farjani.

"A kan jirgi na rantse. Ban rantse a kan turke ba."

Aka kwance igiyoyi, Rayis ya ja zane ya hau. Iska mai daɗi ta taso daga hagu ta cika shi, Ummul Hairi ta miƙe daga kwanciyarta, ta wuce tsakiya, ta jingina dama, ta fara tafiya. Mata suka yi guɗa, bandiri ya ƙara ƙarfi. Mutane suka kewaye Si Burawi suna ba shi hannu, yana karɓa yana cewa ai wannan kaɗan ne daga cikin abin da Allah ya sanar da shi.

Yana cikin haka ya ji wani abu yana gogar katako a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya duba ta tsakanin allunan gada, ya ga naɗin wayarsa yana warwarewa, zagaye bayan zagaye, cikin natsuwa. A nan ne wani tunani ya zo masa wanda bai taɓa zuwa ba a shekara talatin na aiki: duk gidan da ya sa wa wuta, inda ya bar shi nan yake kwana.

Ya yi lissafi. Mita arba'in ya bari, an ci kamar goma sha biyar. In ya ɗaga murya yanzu, Rayis zai iya sauke zane. Amma ɗaga murya a gaban bandiri da mata da Ammi Shazili ikirari ne. Ya ce a ransa wataƙila iska ta faɗi. Aka ci ashirin da biyar. Ya ce wataƙila wayar ta tsinke da kanta a ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya sani. Sai ya tuna irin wayar da ya zaɓa da irin ɗaurin da ya yi mata, ya ji alfahari da fargaba sun haɗu a wuri ɗaya. Liman yana riƙe da hannunsa yana sa masa albarka lokacin da zagaye na ƙarshe ya fita.

Waya ta taso daga ruwa a miƙe tana ɗiga. Ummul Hairi ta tsaya cak kamar akuyar da ta kai ƙarshen igiyarta, ta juya gindi, iska ta danna ta dama. Duro ya baro hagu ya bi gangara, da na'a-na'arsa da sandarsa da wata kyanwa da barci ya kwashe a ciki, ya daki gefen dama ya tsaya. Jirgi ya ƙara kwanciya. Ƙofofin firji biyu suka buɗe.

Kwanonin ba su faɗo gaba ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka fito, cikin tsari, kamar yadda aka jera su, kowanne ya zame a kan katako ya tsaya a baki kamar mai neman izini, sa'an nan ya shiga teku. Bandiri ya yi shiru. Ba a jin kome sai muryoyin mata a hankali.

"Wancan nawa ne, mai tauraro."

"Ga na matar liman."

"Na uwarka ne wannan, Farjani, mai shuɗin baki."

"Na gane shi," in ji Farjani.

A bayansu turken wuta ya sunkuya, ya yi ruku'u, ya tumɓuke da simintinsa, ya bi gada yana jan igiyar fitilu, igiyar fitilu tana jan rumfar shago. Rumfa ta sauko a kan tebura a daidai inda mata suke tsaye ɗazu. Kyanwa ta iso gaɓa da iyo, ta wuce ta gaban Si Burawi ba ta dube shi ba.

Rayis Ajmi ya saki zane, ya ɗauko gatari ya tsaya a kan wayar. Ya ɗaga kai ya dubi Ammi Shazili. Tsohon ya nuna masa akwatin wutar da ya kashe, ya gyaɗa kai. Sara uku Rayis ya yi kafin ta rabu.

Sa'an nan ya zauna a gaban matarsa. Ruwa yana kai magana nesa, tashar kuma ta yi shirun da ko faɗuwar allura a ji, saboda haka babu wanda bai ji su ba.

"Shi ke nan, Hajja. Magana magana ce. Gobe in sa shi a kasuwa."

"A kan me?"

"Asida ta tafi."

"Ta mutane ta tafi."

Ta ɗage gefen mayafinta. Abin da take zaune a kai tun ɗazu akwatin ƙanƙara ne irin na masunta. Ta buɗe, ta duba, ta nuna masa kwano a kwance cikin ƙanƙara, adon lauzi bai motsa ba ko ƙwaya ɗaya. Ta rufe ta koma ta zauna.

"Ba ki sa taki a firji ba?"

"Ni na goya Burawi. Zan sa asidata a abin da ya taɓa?"

Rayis ya ce, "To don me kika ce lalle sai shi?"

"Ya yi alkawarin zai sake mini wutar ɗakin girki kafin Mauludi. Na ga gara jirginka. Ja zanenka, rana tana yi, ƙanƙara ba ta jira."

Rayis ya nemi aibin wannan hujja bai samu ba. Ya tashi ya sa kafaɗa ya tura duro cikin teku. Ummul Hairi ta girgiza ta tsaya a miƙe, kamar yadda ya san ta tun farko. Ya ɗaure ƙofofin firji da igiya, ya ja zane, suka fita ta bakin tasha, firji a karkace yana ƙyalli a rana har suka ƙanƙance.

A kan gada mata talatin da ɗaya suka juyo suka fuskanci Si Burawi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki guntun wayar da aka jawo daga ruwa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ina so ku zama shaida," ya ce. "Jirgi mai nauyin tan goma sha ɗaya, da iska a cikin zanensa. Wayata ta tsai da shi. Ba ta tsinke ba, ba ta kwance ba, sai da aka sa gatari, shi ma sara uku. Ku nuna mini wani a gaɓar nan da zai yi ɗauri irin wannan."

Babu wanda ya iya nunawa. Farjani ya fito daga ƙarƙashin rumfarsa da shebur, ya miƙa masa.

"Ungo, ka mai da turken mazauninsa. Wannan dai aikinka ne, turke ba ya tafiya."

Ammi Shazili ya dubi rana, ya ga da sauran wuni kafin rantsuwarsa ta cika. Ya auna maganar da ke bakinsa, ya tabbata ba ta shafi jirgi ba.

"Da can ba ya tafiya," ya ce.

Allah ya sa mu san iyakar abin da muka sani, ya kuma kiyashe mu da alherin wanda bai san tasa ba.